Gidan da Ke Son Iska

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Ƙofar babban gida ta ƙi rufuwa. Jiya sai da na sa kafaɗa, yau ko da kafaɗar ta ƙi. Handa mai girki ta ce katako ne ya sha ruwan damina ya kumbura kamar ƙafafunta. Na yi dariya don kada ta ce na cika ɗaure fuska, amma ni na zana gidan nan, na san ƙofar da ta kumbura, na kuma san wadda gida ya karkace ya matse ta.

Ni dai takarda da fensir na riƙe, su na dawo da su daga makarantar gini a Ulanbator, babban birninmu. Baba ne ya sassaƙe kowane gungume ya ɗora shi a kan ɗan'uwansa. Gida biyu, babba da ƙarami, na ƙungiyar makiyayan kwarinmu, don saukar baƙi masu zuwa kallon tafki. Ba siminti, ba kuma ɗanyen itace ko ɗaya, sai waɗanda gobarar daji ta kashe a tsaye. A kan dirkoki muka ɗora su, iska na ratsawa ta ƙarƙashi, domin ƙasar nan in ka haƙa ta kaɗan, ƙanƙara ce da ba ta taɓa narkewa ba tun kafin kakanninmu. Ita ke riƙe da dirkokin. Muddin tana da sanyi, gida yana tsaye.

Akwai baƙi 'yan Koriya a ciki. Na ce musu su bar ƙofar a buɗe, iskar tafki magani ce.

Alhamis, 14 ga Agusta, da rana

Na shiga sauya zanen gado a ɗakin da ke jikin murhu, sai na tsinci dunƙulen jan zaren Inna a bayan gado. Ban san me ya kawo shi nan ba. Na ajiye shi a tsakar ɗaki don in ci gaba da aiki, ya gangara da kansa har ya je ya tsaya a gindin murhu. Na ɗauko na sake ajiyewa. Ya sake tafiya.

Yana aljihuna. Ban nuna wa Baba ba. Ba ma kiran sunanta, ba ma taɓa kayanta.

Juma'a, 15 ga Agusta, da safe

Gilashin tagar yamma ya tsage. Ba wanda ya taɓa shi.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Mun mayar da baƙi ƙaramin gida. Yaya Gombo, shugaban ƙungiya, ya iso a kan babur, ya ja baya ya tsaya yana kallon rufin da ido ɗaya kamar mai tayin doki.

"Yanjin ƙanwata, gidan naki barci yake ji ne? Na ga ya fara gyangyaɗi."

"Ka ba ni kwana biyu, Yaya."

"Kwana biyun Ulanbator ko namu na ƙauye?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Shi ya bi gida gida ya lallashi mutane suka ba da tumaki da ƙarfinsu. Akwai matar da ta ba da shanun da za ta aurar da ɗanta da su. Ba sai ya tuna mini ba, amma sai da ya tuna mini.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan azahar

Na shiga ƙarƙashin gida da rarrafe, da sandar ƙarfe a hannu. A bakin gabas sandar ta shiga kaɗan ta ci karo da ƙanƙara, ƙwam, yadda ya kamata. Daidai ƙarƙashin murhu kuwa ta shige sumul har hannuna ya bi ta cikin taɓo. Dirkoki uku suna tsaye cikin kunu.

Rana ba ta yin wannan, damina ma ba ta yi. Ɗumi ne ya zauna a wurin wata da watanni.

Da zan fito kaina ya bugi wani abu. Ƙusoshin katako ne a jere a jikin gungumen ƙasa, zagaye da gidan kaf, kuma ba ni na sa su ba. A kan ɗaya akwai ƙyallen bargon ulu da ya maƙale. A ƙasa ga burbushin kandilo. Na juya ƙyallen na ga ɗinkin, jan zare, zane irin ƙahon rago. Bargon da muke naɗe gindin ger ɗinmu da shi ne duk hunturu, wato tantin ulun da muke zaune a ciki tun ina rarrafe.

Na daɗe a kwance cikin taɓon kafin in fito.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Na tsare Handa tana murza ƙullu. Ba ta ko yi gardama ba, ita a ganinta labari ne mai daɗi.

"Au, bai gaya miki ba? Tsohon nan da zurfin ciki. Ai da tarin Innarki ya yi tsanani farkon hunturu, ger ya gagare ta. Shi ne ya goya ta a baya ya kawo ta nan. Gidan 'yarmu ne, in ji shi, baƙi sun tafi, wa zai hana mu? To amma iska na kuka ta ƙarƙashin dabe kamar kyarkeci, ƙafa ba ta takuwa. Ya ce wane irin mahaukaci ne zai bar gindin ɗaki a buɗe cikin sanyi? Ya naɗe shi da bargo, ya bi da kandilo, ya bi da ƙasa, ya danne da dusar ƙanƙara. Kowa ya sa hannu, har 'ya'yan Gombo sun yi jigilar kandilo a amalanke. Wutar murhun nan kuwa ba ta mutu ba sai ranar da mota ta zo ta kai ta asibiti."

"Handa, ban ce kada a toshe ƙarƙashin gidajen nan ba? A gaban kowa na faɗa."

"Kin faɗa mana. Ai shi ya sa muka kwashe tsaf kafin ki dawo. Mun san ku 'yan birni ba kwa son baƙo ya ga kashin shanu."

Tsafta suka ɗauka nake nufi. Na yi musu bayani da zane a kan allo, duk sun gyaɗa kai, ashe ladabi ne kawai.

Duk hunturun ina can birni ina zana wa wani mai kuɗi wurin ajiye motoci. In na samu waya ta shiga, Inna takan ce, "Muna cikin ɗumi, 'yata, ki yi aikinki." A asibitin gari na same ta, a can kuma ta cika, a watan Maris. To, na rubuta.

Handa ta tsayar da murzawa ta dube ni. "Ba dai toshewar nan ce ta karkatar da gidan ba?"

Na ce a'a.

Asabar, 23 ga Agusta, da safe

Na shirya maganar tun jiya, kalma bayan kalma, a hankali, ba zargi. Na shiga ger na tarar ya dafa shayin madara, gishiri ya yi yawa kamar kullum tunda shi ke dafawa. Ya miƙo mini kwano da hannu biyu. Ya rame. Rigarsa ta zagaye shi har ta yi saura.

Na ce, "Baba, na ji kun yi hunturu a babban gida."

Ya ajiye tukunyar shayin. Can sai fuskarsa ta saki, irin sakin da ban gani ba tun Maris.

"Ban iya mata komai ba, Yanjin. Magani ban sani ba, karatun likita ban iya ba. Amma ba ta ji sanyi ba ko dare ɗaya. Ko dare ɗaya. Ke kika zana, ni na gina, ita ta kwana a ciki ƙafarta a waje da bargo. Wannan kaɗai nake riƙe da shi in na kwanta."

Na shanye shayin. Na ce gishiri ya yi daidai.

Lahadi, 24 ga Agusta

Yau ma ban gaya masa ba.

Laraba, 27 ga Agusta, da la'asar

Magana ta fara yawo, ta kuma zo kunnena ta bakin Handa, wadda ba ta iya riƙe ko ruwan zafi. Wai masu wurin ne, iskokin ƙasar, suka yi fushi, don an soke ƙasa da dirkoki. Mu ba ma huda ƙasa, ko turken doki muka cire sai mun cike ramin. Wai tun farko tsofaffi ba su so ba, kunyar Baba ce ta rufe musu baki. Wai yarinya ta je birni ta koyo rashin tsoro.

An kawo tsohuwar bokanya mai ganga daga can gindin dutse. Ta zagaya gidan tana watsa madara, ta tsaya daidai kusurwar murhu ta ce a nan abin yake. Ai ko makaho ya san a nan abin yake, rufin ya kusa sumbatar ciyawa. Na tsaya a gefe hannuna cikin hannun riga kamar kowa. Baba ya tsaya kusa da ni, ya matso har kafaɗarmu ta haɗu, don mutane su gani.

Haushinsa nake ji. Ina son sa kuma ina jin haushinsa.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Tubshin ya zo daga gari da jak guda huɗu na ɗaga kaya masu nauyi a bayan mota. Ajinmu ɗaya a makaranta, shi ne mai kwafar lissafina. Ya shiga ƙarƙashin gida, bai daɗe ba ya fito yana karkaɗe gwiwa, da ƙusar katako a hannunsa.

"Wane gwanin ne ya ɗaura wa gidanki zani?"

"Rage murya."

"Ke, wannan ai ko ɗan aji ɗaya ya gani ya sani. Zanenki lafiya lau yake. Dubi ƙaramin, ko motsi bai yi ba. Ki tara su ki nuna musu ƙusar nan, magana ta ƙare."

Na nuna masa Baba da haɓa. Yana can bakin tafki yana wanke guga, a sunkuye.

Tubshin ya yi tsaki a hankali. "Yanjin, kin san abin da kike saya kuwa? Duk arewacin ƙasar nan kallon gidajen nan ake. In aka ce zanenki ne ya faɗi, ko akurkin kaji ba mai sake ba ki. Su kuma su koma kwaɓa siminti a kan ƙanƙara, ki zo ki ga nutsewa ta gaske."

"Na sani."

"Tun muna makaranta kanki kamar dutse."

Mun gwada jak ɗin duk da haka. Muna ɗaga gida, jak na shigewa ƙasa. Ya ce ƙanƙarar da ta narke haka ba ta dawowa a shekara ɗaya ko biyu, a sauke gidan tun bai danne wani ba. Ya bar mini ƙusar a kan murfin mota ya tafi.

Talata, 2 ga Satumba, da rana

Tari ya kama ni. Taɓon nan ne. Duk sanda na yi, Baba sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurara.

Juma'a, 5 ga Satumba, da yamma

An yi taro a ger ɗin Yaya Gombo. Tsofaffi a can ƙurya, Baba a cikinsu, ni a bakin ƙofa wajen takalma da bokitin ruwa. Kwalbar garin taba ta zagaya, aka tambayi lafiyar dabbobi, aka yi maganar ciyawa, kamar ba abin da ya tara mu.

Sannan Gombo ya ce, "Ba mu zo cin mutuncin kowa ba. Gida dai abu biyu ne, zane da hannu. Ƙanwata, ke kika yi karatu. Wanne ne ya ci amanarmu?"

Ƙusar tana aljihuna tare da zaren. Na ji ta a cinyata. Handa tana zuba shayi, ta ƙi ɗago kai, kunnuwanta sun yi ja. Baba ya ɗora hannayensa a kan gwiwa, ya buɗe su, yana dubansu kamar na wani.

Na ce, "Zane ne. Na yanke dirkokin gajeru. Hannu ba shi da laifi."

Ba wanda ya yi ihu. Da ma sun yi, da ya fi. Matar nan mai shanu ta tashi ta fita, ta bi ta gabana ba ta dube ni ba. Aka yanke cewa a sauke babban gida, gidaje ukun da za a ƙara baɗi a bar maganarsu, Baba ya ci gaba da gadin wurin. Ni ba a ce mini komai ba, wanda shi ne cewar.

A hanyar komawa Baba ya riƙe linzamin dokina kamar ina ƙarama.

"Kada ki sa a ranki. Ni ma ger ɗin farko da na kafa, iska ta ɗauke shi da uwarki a ciki tana dafa nama. Kowa yana kuskure, 'yata. Ni dai ban ji kunyarki ba."

Ya yafe mini. Na gode masa.

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

An fara saukewa. 'Ya'yan Gombo sun zo da zarto mai inji, Baba ya ce sai dai su fara yanka shi. Gungume gungume ake cirewa, daga sama, yadda ya ɗora su. Kowanne sai ya shafa shi kafin a ɗauke. Gadon ɗakin murhu shi kaɗai ya fito da shi, ya ƙi a kama masa, ya ajiye a ciyawa ya zauna a bakinsa.

Baƙin ƙarshe sun tafi. Ɗaya ta ɗauki hoton Baba a kan gadon, ta ce abin ya yi kyau.

Alhamis, 11 ga Satumba, da rana

Inda murhu yake ya zama kududdufi. Agwagin tafki sun gano shi.

Saura ƙaramin gida. Shi kaɗai ya rage wa mutanen nan daga tumakinsu da shanunsu da guminsu. Na shiga ƙarƙashinsa da sanda, ko'ina ƙwam. In aka bar shi da iskarsa zai fi mu daɗewa.

Tubshin ya aiko saƙo, wai maganar ta riga shi isa birni. Ban amsa ba. Ba inda za ni, kuma ba zan bar tsohon nan shi kaɗai da shayinsa mai gishiri ba.

Baba ya kwashe kayana daga ger ya kai ƙaramin gida. Wai tarina ba na ger ba ne. Ya hura murhu.

Lahadi, 14 ga Satumba, da safe

Raɓa ta daskare a kan ciyawa, karo na farko. Na buɗe ƙofa na ga gindin gidan a naɗe ta gefen arewa. Bargon ne, mai ƙahon rago. Sababbin ƙusoshi, an fere su da kyau.

Na jira ya tafi wajen shanu, na cire, na naɗe, na kai bayan rumbun itace. Ko ba wuta a murhu, in aka toshe, sanyin hunturu ba zai shiga ya ƙarfafa ƙasar ba. Da wuta kuwa na riga na ga abin da ke biyo baya.

Litinin, 15 ga Satumba, da safe

Ya mayar. Ya ƙara da duwatsu. Na ji shi yana zagin shanu, wai 'yan banza sun ja bargon da ƙaho, amma duk wayonsu sun naɗe shi da kyau. Bai dube ni ba da ya faɗi haka.

Na sake cirewa da rana. Handa ta gan ni. Ta ce, "Har yaushe, Yanjin?" Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Talata, 16 ga Satumba, da hantsi

Bugun guduma ne ya tashe ni. Na fito na same shi a durƙushe cikin farar raɓa, ba safar hannu, amalanke cike da kandilo a bayansa. Yatsunsa sun ƙi riƙe ƙusa da bargo a lokaci ɗaya. In ya kama wannan, wancan ya suɓuce.

Na tsuguna kusa da shi. Maganar tana bakina, duka, tun daga dunƙulen zare har kududdufi.

"Baba, gidan nan yana son iska ta ƙarƙashi."

"Gida ba ya tari. Ke kike tari."

"Baba, ka saurare ni. Babban gidan nan..."

Ya juyo ya dube ni. Idonsa ya yi ja saboda sanyi, ko ba saboda sanyi ba. Ban san abin da ya sani ba. Na rantse ban sani ba, kuma ba na jin zan taɓa sani.

"Uwarki ba ta ji sanyi ba ko dare ɗaya," ya ce. "Ke ma ba za ki ji ba. Riƙe mini nan."

Ya miƙo mini bakin bargon, wajen da jan zaren ya fara warwarewa.

Na riƙe masa, ya buga ƙusar.